A Taka Ƙasa da Ƙafa Kafin a Tayar da Rola

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da na daɗe ina gani a wuraren aikin hanya, wanda kuma ban ji ana ba shi muhimmancin da ya dace da shi ba, wato haɗarin da ke tattare da motar daddale hanya, wadda ma'aikata ke kira rola. Na yi shekaru masu yawa a wannan sana'a, na fara daga lebura mai watsa tsakuwa da shebur har na kai matsayin foman kafin ƙarfi ya ƙare in koma gida, saboda haka abin da zan faɗa na gan shi da idona, wani ma ina da hannu a cikinsa.

Makon jiya na bi ta wata unguwa a cikin birnin Katsina inda ake shimfiɗa sabon titi, sai na tarar da rola tana ja da baya a kan marmarar da aka baza, ga 'yan mata biyu da farantan talla suna tsallakawa ta bayanta, ga wasu almajirai suna bin ta suna taka sawun da ta bari, direban kuma waya na maƙale a kunnensa. Babu igiya ko shingen da ya raba wurin aiki da hanyar jama'a, babu mai tuta, kuma da na matsa kusa ban ji ƙarar gargaɗin da ya kamata injin ya riƙa yi idan an sa ribas ba. Na yi wa mai kula da wurin magana, ya amsa mini cikin ladabi ya ce, "Baba, ai wannan ba ta gudu." Wannan amsa ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin tun ina saurayi nake jin ta a bakin ma'aikata, kuma na san mutanen da ta nakasa.

Gaskiya ne rola ba ta gudu. Idan tana aiki, tafiyarta ba ta cika wuce kilomita 3 zuwa 6 a awa ɗaya ba, wato kusan tafiyar mutum da ƙafa. Amma wadda aka fi amfani da ita wajen danne marmara, mai gangar ƙarfe ɗaya a gaba da tayoyi biyu a baya, nauyinta yakan kai tan 10 zuwa 12, akwai ma waɗanda suka kai tan 20. Tan 12 daidai yake da buhun siminti 240. Ƙaramar mota idan ta buge mutum takan yi jifa da shi gefe, wani lokaci ya tashi da karaya kawai. Rola kuwa takawa take yi, kuma abin da ta taka ba a kai shi wurin maɗori. Akwai kuma wani hali nata da mutane ba su cika lura da shi ba, wato rabin aikinta da baya take yin sa. Tifa takan yi ribas sau ɗaya ta juye ƙasa ta tafi, amma rola gaba da baya take yi a kan layi ɗaya tun safe har yamma, kuma duk lokacin da take komawa baya akwai fili a bayanta wanda murfin injin ya tare wa direba, yaro ko mutumin da ya durƙusa yana gyara igiyar awo zai iya ɓacewa a cikinsa gaba ɗaya. Injin da ke tafiyar kilomita 5 a awa yana cin kusan mita 4 a cikin daƙiƙa 3, wanda bai wuce lokacin da direba zai kalli wayarsa ya ga wanda ya kira shi ba. Leburan da ya saba da ƙarar injin kuwa, kunnensa ya daina jin ta, shi ya sa waɗanda ake takewa ba baƙi ba ne kullum, sau da yawa tsofaffin ma'aikata ne.

Duk da haka, abin da ya fi kashe direbobin rola su kansu shi ne kifewa, kuma a nan nake so in tsaya sosai, domin a nan ne na yi kuskuren da har yau yake damuna. Wata shekara cikin watan Agusta muna cike gefen wata kwalbati a kan wata hanyar karkara a ƙasar Daura, cikon ya kai tsayin kusan mita 2. An kwana ana ruwa, amma da hantsi rana ta fito, iska ta busar da saman ƙasar har ta yi kamar ba a yi ruwa ba. An aiko mana cewa manya na zuwa duba aiki bayan azahar, saboda haka kowa na sauri. Ni ne foman a ranar, kuma ban zagaya na duba gindin cikon ba. Da na zagaya da na ga yadda ruwa ya rarake shi ta ƙasa. Na ce wa direba ya hau ya danne gefen, shi kuma ya hau ya kunna jijjigar da gangar ke yi don matse ƙasa, ya matsa har bakin gaɓa don kada a bar wurin da ba a danne ba. Ƙasar ta zabtare a ƙarƙashin gangar, injin ya karkata a hankali kamar raƙumi zai durƙusa, direban ya yi tsalle, kuma kamar yadda yawancin mutane ke yi cikin firgita, ya yi tsallen ne ta ɓangaren da injin yake faɗuwa. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma ƙafarsa ɗaya ba ta tsira ba. Kamfanin da muke yi wa aiki ya biya kuɗin asibiti na kwanakin farko, daga nan sai karo-karon da mu abokan aikinsa muka yi masa.

Da muka tsaya muka duba injin daga baya, sai muka ga ashe tun kafin ya zo hannunmu an cire masa ƙarfen kariyar da masu ƙera shi suka ɗora a saman kujerar direba, an maye gurbinsa da 'yar rumfar kwano don inuwa. Wannan ƙarfe, wanda masana'antu ke kira ROPS, an ƙera shi ne yadda idan injin ya kife zai ɗauki nauyinsa ya bar wa direba sarari a ƙarƙashi. Amma ba ya amfani sai direban ya ɗaura bel ɗin kujera, domin wanda bai ɗaura ba zai faɗo waje, ƙarfen da aka yi don ya cece shi ya zama shi ne zai danne shi. Yawancin rololin da ke aiki a ƙananan kwangiloli tsofaffi ne da aka sayo na hannu, ko Bomag ko Dynapac ko Hamm ko Caterpillar, da yawansu sun zo da wannan ƙarfe daga masana'anta, a nan ne ake kwance shi don injin ya wuce ƙarƙashin wayoyin lantarki idan an ɗora shi a tirela, sannan a manta ba a mayar ba. Wani kuma sai ya kai wa mai walda ya haɗa masa wani da bututun ruwa, alhali ƙarfen da ba a gwada ƙarfinsa ba ado ne kawai. Bel kuwa, na sha ganin an yanke shi an ɗaure jarkar mai da shi.

Rola tana da saurin kifewa saboda nauyinta yana sama, gangar ƙarfe kuma ba ta kama ƙasa kamar taya, sannan a tsakiyarta take lanƙwasa idan an karya kwana, wanda ke sa nauyin ya koma gefe ɗaya. Shi ya sa littattafan da ke zuwa tare da wasu daga cikin waɗannan injuna suka ce idan ana aiki a bakin gaɓa, aƙalla kashi biyu cikin uku na faɗin gangar ya kasance a kan ƙasa mai ƙarfi. Abin da na koya bayan wancan haɗari shi ne a riƙa yin ciko ya ɗara faɗin da ake bukata, a danne, sannan gireda ta aske rarar, ta yadda rola ba za ta taɓa bukatar zuwa bakin gaɓa ba. A fara zagayen farko na gefe da jijjiga a kashe. A gangare kuma a hau a sauka miƙe, kada a yanka shi a karkace, kada kuma a sauya giya ko a kashe injin a tsakiyar gangara don tsimin gas.

Ƙasarmu ma tana da nata halin da ya kamata mai auna haɗari ya sani. A arewacin jihar nan, daga Jibiya da Kaita zuwa Daura, Mai'aduwa, Zango da Baure, jigawa ce ta fi yawa, rairayi kuwa idan aka jijjiga shi a bakin rami zubewa yake yi kamar gari. A cikin gangar rola akwai wani ƙarfe mai nauyi a gefe ɗaya wanda ke juyawa kusan sau 30 a kowace daƙiƙa, shi ne ke haifar da jijjigar da ke sa ƙwayoyin ƙasa su matse, kuma wannan jijjigar ba ta san bambancin ƙasar da ake so ta danne da gaɓar da ke ɗauke da injin ba. A cikin tsohon birnin Katsina da na Daura kuwa matsalar wata ce daban. Unguwanni da yawa an gina su ne a gefen kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, daga baya aka cike su da shara shekara da shekaru. Akwai tsofaffin rijiyoyi da aka rufe bakinsu, akwai ramukan masai da suka shigo cikin layi. Taswirar injiniya ba ta nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma mai unguwa da dattawan da aka haifa a wurin sun san su ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa ganin takardar kwangilar da ta ce a tambayi mai unguwa ba, amma a ganina zaman rabin awa da shi kafin injin ya shiga layi yana cikin aikin injiniya na gaske.

Jijjigar nan kuma ba ta tsaya a kan titi ba, tana bi ta ƙarƙashin ƙasa ta shiga gidajen mutane. Katangar ƙasa da ta sha ruwan damina, ko soron da ya tsufa, ba sa jure babbar rola tana jijjiga a nisan taku kaɗan daga gindinsu, haka ma bututun ruwan da aka binne ba zurfi. A lungunan da gidaje suka matse hanya, gara a rage kaurin ƙasar da ake bazawa, a kawo ƙaramin inji, ko a danne da nauyin injin kawai, ko da hakan zai ƙara yawan zagaye. Iyayenmu mata da suke daɓen ɗaki sun san wannan tun da daɗewa: ba a tula ƙasa da yawa a ce za a daɓe ta lokaci ɗaya, kaɗan-kaɗan ake zubawa ana yayyafa ruwa ana bugu. Kuma adalci ne ga ɓangarorin biyu a zagaya a ɗauki hoton bangayen gidaje kafin a fara aiki, don idan tsagewa ta fito a san ko tsohuwa ce ko sabuwa.

Lokacin ɗora rola a tirela da sauke ta shi ma wuri ne na kifewa, domin ƙarfe ne ke hawa kan ƙarfe, idan akwai laka ko ɗigon mai a matakalar sai gangar ta zame gefe, kuma a daidai lokacin ne 'yan kallo ke taruwa. Bayan an tashi aiki ma haɗarin bai tashi ba. Na sha ganin an ajiye rola a gefen titi da dare babu fitila babu alama mai ƙyalli, ɗan acaɓa ya zo cikin duhu ko cikin ƙurar hunturu ya rungume ta. Da rana kuma inuwarta tana jawo yara, da awaki, har da leburorin da ke neman wurin kishingiɗa bayan cin abinci. Direban da ya dawo daga sallar azahar ya hau ya murɗa makulli ba tare da ya zagaya injin ya leƙa ƙarƙashinsa ba, ya yi caca da ran wani. A ajiye ta a shimfiɗaɗɗen wuri, a ja birkin tsayuwa, a sa waigi, a cire makulli a tafi da shi. Babu abin da ke cin kuɗi a cikin waɗannan.

Shi kansa direban ana mantawa da shi a lissafi. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Katsina yakan haura digiri 40, ga kwaltar da ake shimfiɗawa tana sauka daga mota da zafin da ya kai kusan digiri 150, shi kuma yana zaune a samanta, ƙarar inji na cin kunnensa, jijjiga na cin ƙugunsa. Aikin gaba da baya a layi ɗaya yana kawo gyangyaɗi, musamman cikin azumi ko idan an kwana ana aiki don cika wa'adi, wasu kuma su nemi taimakon ƙwayoyin ƙara kuzari, waɗanda ke ɗauke gajiya su tafi da hankali tare. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne al'adar miƙa wa yaron mota sitiyari saboda ana ganin rola ce mafi sauƙin tuƙi a cikin injunan aiki. Tuƙa ta a tsakiyar fili ba wuya, amma sanin lokacin da gaɓa ta fara motsi a ƙarƙashinka ba ya samuwa a mako ɗaya.

Auna haɗari, wanda manyan kamfanoni ke cika takardu a kansa, ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba. Ma'anarsa ita ce kowace safiya, kafin a tayar da inji, foman da direba su bi wurin da za a yi aikin ranar da ƙafa, su duba inda ƙasa za ta iya zabtarewa, da inda mutane ke ratsawa, da abin da ke binne ko yake rataye a sama, su gwada birki da hon da madubi da ƙarar ribas, sannan su tambayi kansu wa abin zai shafa idan ya ɓaci kuma yaya muninsa zai kasance. Abin da zai iya kisa a magance shi kafin a fara, ko da da wuya ya faru. A rubuta abin da aka gani, ko a littafin makaranta ne, a sa hannu. Idan aka yi ruwa da dare, ko aka sauya direba, ko aka matsa sabon wuri, awon jiya ya tashi aiki, sai an sake. Takardar da aka cika a ofis tun ranar da aka sa hannu a kwangila, aka ajiye ta a durowa don nuna wa masu bincike, ba ta san an yi ruwa jiya ba. Kuma duk wannan ba zai yi amfani ba matuƙar direban da ya ce ba zai hau wannan gaɓa ba ya san cewa gobe wani za a ba makullin. A ranar da na ba da labarinta, direbanmu ya ɗan yi jim kafin ya hau, na ga hakan a fuskarsa, amma ni ina sauri, shi kuma yana da iyali.

Na san za a ce abin da Allah ya ƙaddara ba makawa, kuma na yi imani da haka. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure, kamar yadda ya zo a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i, wanda ke nuna cewa rashin niyya bai wanke mutum daga alhaki ba. Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a asusun da hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, ke kula da shi, domin a biya wanda ya ji rauni ko iyalan wanda ya rasu a bakin aiki, kuma dokar ta haɗa har da ma'aikatan wucin gadi. Leburori kaɗan ne suka san da wannan haƙƙi nasu, shi ya sa nake roƙon wannan jarida ta yi bayaninsa dalla-dalla a wani bugu na gaba.

Yanzu da ayyuka suka yawaita a jihar nan, daga tagwaita hanyar Kano zuwa Katsina, da layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ya ratsa Daura da Katsina da Jibiya, zuwa titunan cikin gari da na karkara, injunan nan za su ƙara kusantar ƙofofin gidajenmu. Roƙona ga ma'aikatar ayyuka ta jiha, da hukumar gyaran hanyoyi ta KASROMA, da ƙananan hukumomi, shi ne su sa kuɗin shinge da alamomi da albashin masu tuta a matsayin sashe mai zaman kansa a cikin takardar kwangila, wanda ba za a biya ba sai injiniyan da ke sa ido ya gan su a wurin aiki, domin abin da ba a ware masa kuɗi ba shi ɗan kwangila ke fara yankewa. Haka kuma kada a bar rolar da ba ta da ƙarfen kariya da bel ta hau cikon da ya ɗara ƙasa tsayi. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina da Jami'ar Sufuri ta Daura, ina ganin za su iya shirya gajeren horo cikin harshen Hausa ga direbobin manyan injuna, su ba da takardar shaida, tunda yawancin waɗannan direbobi a bakin aiki suka koya kuma littafin injin da Turanci ko Jamusanci yake zuwa, idan ma ya zo. Masu unguwanni da limamai da malaman makarantun allo kuma su ja kunnen yara daga ranar da aka ga an sauke inji a unguwa.

Titin da na ambata a farko har yanzu ana aikinsa, kuma akwai makarantar firamare a ƙarshen layin, ana tashin yara a lokacin da rola ke tsakiyar aiki. Na koma jiya na sake yi wa mai kula da wurin magana, ya yi mini alkawarin zai sa mutum biyu da tuta a lokacin tashin makaranta, zai kuma sa makaniki ya gyara ƙarar ribas. Ranar Litinin, in Allah ya kai mu, zan koma in duba.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon foman aikin hanya,
Ƙofar Marusa, Katsina.